Jerin Sarakuna da Sauran Jama'a: Sharhi a kan Rubutaccen Tarihin Ƙasar Kazaure

Duk wanda ya nemi tarihin Kazaure a rubuce, a littafi ne ko a intanet, labari ɗaya zai riƙa cin karo da shi, sai dai a sake masa riga. Ana farawa da wani maharbi mai suna Kutumbi, wanda aka ce ya baro wajen Dala yana farauta har ya faɗo wani kwari da duwatsu suka kewaye, ga ruwa ga namun daji, ya yi zamansa. Da 'yan'uwansa suka biyo sawu suka same shi, sai ɗayansu ya dubi wurin ya ce ai nan kamar zaure, gari ya samu suna ke nan. Daga nan alƙalami sai ya yi tsalle ɗaya, ya tsallake ɗaruruwan shekaru, ya dira a kan Ibrahim Ɗan Tunku da shekarar 1819. Abin da ya rage jeri ne: Dambo daga 1824 zuwa 1857, Muhammadu Zangi zuwa 1886, Muhammadu Mayaƙi zuwa 1914, Muhammadu Tura zuwa 1922, Umaru Na'uka zuwa 1941, a bi su ɗaya bayan ɗaya har a iso kan Mai Martaba Alhaji Najib Hussaini Adamu, wanda ya hau a 1998. A ƙarshe a lissafo ƙananan hukumomi huɗu na masarautar, wato Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, a ambaci madatsar ruwa da kwalejin kimiyya da fasaha, a rufe.

Wannan labari muke so mu yi wa sharhi, kuma za mu ɗauke shi a matsayin rubutu guda duk da cewa hannuwa da yawa sun bi ta kansa. Ana iya bin sawunsa baya. Akwai kundin bayanan Lardin Kano da W. F. Gowers ya fitar a 1921 domin amfanin jami'an mulkin mallaka. Akwai littafin S. J. Hogben na 1930 a kan masarautun Arewa, wanda shi da Anthony Kirk-Greene suka faɗaɗa a 1966, inda kowace masarauta ta samu babinta da jerin sarakunanta. Akwai na H. A. S. Johnston na 1967 a kan Daular Sakkwato. Daga irin waɗannan aka riƙa tsakura, ana haɗawa da abin da aka ji a fada, har abin ya gangaro Wikipedia da shafukan Facebook da jawaban ranar naɗi. Yanzu kuma manhajojin nan masu amsa tambaya sun haɗiye shi, suna biya wa ɗalibai shi kamar karatun allo.

Sai mu fara ba shi haƙƙinsa, domin tsakiyarsa labari ne mai nauyi. Ɗan Tunku Bafulatani ne na Yarimawa, mazauninsa wajen Dambatta. A lokacin jihadi ya hana rundunonin Katsina da Daura haɗuwa da ta Kano, aka ba shi tuta, ya kuma taimaka wajen cin arewacin ƙasar Kano. Muddin Sarki Sulaimanu yana raye bai ɗaga kai ba. Da Ibrahim Dabo ya hau a 1819 sai ya ƙi yin mubaya'a, aka shafe wajen shekara biyar ana ɗauki ba daɗi, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama ya tabbatar masa da ƙasarsa, wadda aka yanko daga gefen Kano da Katsina da Daura. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan rikici ba ƙarama ba ce: mutumin da yake ganin tutarsa daga Shehu ta fito, wane ne zai ce masa ya durƙusa? Shugabanni biyu ne, dukansu na jihadi, kowa da hujjarsa. Marubucin wasan kwaikwayo da ya samu wannan ya samu abin yi na shekara. Jerin sarakunan shi ma yana da amfaninsa, don shi ne ƙashin bayan lissafin lokaci. Idan dattijo ya ce a zamanin Na'uka aka haƙa rijiyar unguwarsu, ya sa mu cikin shekara 19 da za mu nema a ciki, wanda ya fi a ce mana tun kaka da kakanni.

To amma a duba ta ƙofar da Ɗan Tunku kansa ya shigo takarda. Kundin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908, kuma masana irin su Murray Last suke ganin an haɗa shi a ƙarshen ƙarni na 19, ya sa yankin Dambatta cikin waɗanda suka yi wa Dabo tawaye. Daga Gidan Rumfa ake hangen abin, dole haka za a gan shi. Ɗaya shaidar ta idon baƙo ce. Hugh Clapperton, mutumin garin Annan a Sikotlan, ya shiga Kano ran 20 ga Janairun 1824, ya tarar Sarki yana sansani ana shirin fita yaƙi da Ɗan Tunku. A bakin mutanen Kano ya ji labarin, don haka shi ma ɗan tawaye ya rubuta, ya kuma karya sunan yadda sai ka yi da gaske za ka gane wa yake nufi. Wato wanda ya kafa masarautar ma ta bakin abokan gabarsa duniya ta fara jin sa. Idan haka ta faru ga mai tuta, ina ga manomin da aka ƙone rumbunsa a ɗaya daga cikin waɗannan shekaru biyar? Clapperton aƙalla ya ambaci garuruwan da yaƙi ya lalata a kan hanyarsa. Rubutun da muke karantawa yau ko wannan bai riƙe ba.

Labarin maharbin kuwa daɗinsa ne yake sa a ƙi tsayawa a tambaye shi. Haɗeja ma maharbi aka ce ya kafa ta, Haɗe da matarsa Jiya. Dutse ma maharbi ne, Duna Magu. A kusan kowace nahiya ta ƙasar Hausa za a samu garin da aka ce sunansa ya faɗo daga bakin wani da ya yi magana a ranar farko. Wannan salon adabi ne, kuma ba raini ba ne a kira shi haka. Salo ne da yake faɗin wani abu na gaskiya, cewa kafin sarauta akwai masu daji, kafin ganuwa akwai wanda ya san inda ruwa yake. Laifin rubutun shi ne yana ɗaukar labarin ya manna masa shekara, kamar an samo ta a wata takarda, ya wuce. Bai tambayi su wane ne zuriyar waɗannan maharba a yau ba, ko a wace unguwa suke, ko wace sarauta ta rage a hannunsu, ko me ya sa sunan ya zo ɗaya da na Sarkin Kano Kutumbi na ƙarni na 17. Duk zamanin da ya gabaci 1819 an naɗe shi cikin sakin layi ɗaya, an mayar da shi zauren da ake ratsawa a shiga gidan sarauta.

Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja mun san wani abu game da teburin bayanai: tun ranar da ka zana masa gurabe ka riga ka yanke hukuncin abin da zai iya tunawa. Teburin tarihin masarauta gurabe uku gare shi, suna da shekarar hawa da shekarar rasuwa, wani lokaci a ƙara na huɗu don yaƙe-yaƙe ko gine-gine. Abin da ba shi da gurbi ba ya shiga, ko da ya fi komai girma. A ɗauki 1914. A jeri, shekarar da Mayaƙi ya rasu Tura ya hau ce. A bakin talakawan arewacin Lardin Kano kuwa shekarar Kakalaba ce, yunwar da ta biyo bayan ƙarancin ruwan daminar 1913, wadda ta kwararo da mutane daga ƙasar Faransi suna neman abin kai wa baka, ta kuma zo ba da daɗewa ba bayan jirgin ƙasa ya iso Kano aka fara rububin gyaɗa. Shekarar 1927 a jeri ba komai ba ce illa shekara ta biyar ta sarautar Na'uka, alhali ita ce ta 'Yar Buhu. Da waɗannan sunaye tsofaffi suke lissafin haihuwa da aure da ƙaura. Mutanen ƙauye suna da nasu jerin ke nan, na yunwa da fāri da annoba da shekarun yalwa, kuma jeri ne mai tsari kamar na fada, sai dai ba a zana masa teburi ba.

Shi ya sa Roni da Gwiwa suke fitowa a rubutun a matsayin suna kawai, sai ko adadin mutane daga ƙidayar 2006 da faɗin ƙasa da lambar gidan waya. Roni da duwatsunta, wadda mishan ta SIM ta taɓa zama a cikinta da makarantar yara maza, tana da labarin zaman Musulmi da Maguzawa da Kirista a wuri ɗaya wanda ya cancanci littafi. Gwiwa tana jingine da ƙasar Katsina, aure da kasuwa da kiwo suna ƙetare iyakar jiha kullum. Madatsar ruwan Muhammadu Ayuba da aikin noman rani na kogin Gari ana ambatonsu a matsayin ci gaba, a tsaya nan. Gonakin wa ruwan ya kwanta a kai, daga ina masuntan bakinsa suka zo, yaushe tumatir da albasa suka fara gogayya da gero da dawa wajen kawo kuɗi, duk babu gurbinsu.

Babura ce ta fi tona asirin tsarin. Maƙwabciya ce ta jini da kasuwa, amma ba ta cikin masarautar Kazaure. Gundumar Kano ce har zuwa 27 ga Agustan 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, sannan aka sa ta ƙarƙashin sabuwar masarautar Ringim. Saboda haka tarihin Kazaure ba ya ɗaukarta, na Kano ya sake ta, na Ringim kuma a matsayin masarauta bai daɗe da farawa ba. Ga shi kuwa ta Babura ne wannan kusurwa take maƙale da sauran Jigawa a taswira, ko da yake a aikace mai zuwa Dutse daga Kazaure yakan ratsa ta Kano. Abin da ya fi tasiri a rayuwar mutanen Babura cikin shekara ɗari da suka wuce shi ne layin da Ingila da Faransa suka ja a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, aka bi shi da turaku tsakanin 1906 da 1908, ya raba su da 'yan'uwansu na ƙasar Magarya. Rufe iyakar da aka yi a 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, babi ne na wannan labarin. Tarihin da ma'auninsa masarauta ce ba zai ga wannan ba, don layin bai taɓa gadon kowane sarki ba.

A nan ne ƙasar su Clapperton take da abin nuna mana, ta fuska biyu masu karo da juna.

A can cikin tekun Atlantika, kimanin kilomita 64 yamma da tsibirin North Uist, akwai wasu 'yan tsibirai da ake kira St Kilda. A babbansu, Hirta, mutane suka zauna, kuma yawansu bai kai na unguwa ɗaya a Kazaure ba. Martin Martin, wanda ya je a 1697, ya ƙiyasta su wajen 180. Abincinsu tsuntsayen teku da ƙwansu, waɗanda maza suke sauka da igiya a jikin dutse su kamo, kuma da gashin tsuntsu da mansa suke biyan mai ƙasa haya. A 1727 agana ta kusa shafe su. Maza uku da yara takwas da aka kai wani tsauni a tsakiyar ruwa farautar tsuntsu sun yi wata tara a can saboda babu mai ƙarfin zuwa ɗauko su, abin da ya tsirar da su ke nan. A 1852 mutum 36 suka tafi Ostareliya, wajen rabinsu suka mutu a hanya. Cutar sarƙe-haƙora ta yi ta ɗauke jarirai a makon haihuwa har ƙarshen ƙarni na 19. Ran 29 ga Agustan 1930 aka kwashe mutum 36 da suka rage, bisa roƙonsu, aka kai yawancinsu Morvern, aka ba mazan aikin dashen itatuwa, su da suka tashi a tsibirin da ba bishiya. Ta ƙarshe a cikinsu, Rachel Johnson, ta rasu a 2016.

Mun iya kawo wannan dalla-dalla ne saboda an rubuta shi, an kuma sake rubutawa. Littattafan da aka yi a kan ƙauyen nan guda sun cika kanta. An san sunan mai kowane gida a layinsu ɗaya tilo, an ƙirga rumbunan dutsensu fiye da 1,000, UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1986. Duk ƙasar Roni da Gwiwa da Babura, da dubban ɗaruruwan mutanenta, ba ta samu kwatankwacin wannan kulawa ba. Mai karatu zai ji kishi, mu ma mun ji.

Sai dai idan aka karanta littattafan, kishin yakan ragu. Wanda ya fi shahara shi ne na Tom Steel na 1965, The Life and Death of St Kilda, kuma sunan kansa ya gama faɗin hukunci. Littafi ne mai jan hankali, amma an gina shi daga ƙarshe zuwa farko: tun da an san za a kwashe su, sai kowane abu ya zama alamar mutuwa. Jiragen 'yan yawon buɗe ido da suka fara zuwa a 1877, da kuɗi, da tsananin coci, da sadakar mutanen birni, duk an jera su a matsayin cututtukan da suka kashe wata al'umma mai tsarki wadda duniya ba ta taɓa ba. Mutanen suna magana da harshen Gelik, masu rubutu a kansu kusan duk baƙi ne masu Turanci, da yawansu kwana kaɗan suka yi. Sai a 2005 Andrew Fleming ya fito da St Kilda and the Wider World, ya nuna cewa mutanen nan ba su taɓa yankewa daga duniya ba, suna ciniki, suna auratayya da sauran tsibirai, sun kuma iya juya baƙi su ci riba da su. Tarihin da wani ɗan tsibirin, Donald John Gillies, ya rubuta da hannunsa bai ga ɗab'i ba sai 2010, shekara 80 bayan an watse. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma nan sai da kowa ya rera ya gaji sannan aka miƙa wa mai ita.

Wannan tarko yana jiranmu. Idan ɗan boko ya gaji da jerin sarakuna ya juya wajen ƙauye, abin da ya fi saurin zuwa alƙalaminsa shi ne makoki: al'adu suna ɓacewa, dandali ya mutu, samari sun gudu birni, waya ta lalata tarbiyya. Irin rubutun Steel ne da Hausa. Ƙauyen Gwiwa bai taɓa zama tsibirin da ba a zuwa ba. Hanyar Kano zuwa Daura da Damagaram ta wannan ƙasa ta bi, mahara daga Damagaram sun sha biyo ta a ƙarni na 19, fatake da almajirai da 'yan cin rani ma haka, yanzu ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka tsara ya ratsa ta Kazaure. Saurayin da yake tafiya Legas da rani ya dawo da damina yana kan tafarkin kakansa ne, mota ce kawai ta maye jaki. Marubucin da ya zo da makoki a aljihu ba zai ga wannan ci gaban zare ba, don mutuwa ya zo nema.

Muna da namu littattafan ƙauye masu kyau, kuma ba za a raina su ba. Baba of Karo na Mary Smith, wanda ya fito a 1954, muryar tsohuwa ce guda tana ba da labarin harin bayi da aure da kishi da bori a kan iyakar Kano da Zazzau, kuma har yau da wuya a samu abin da ya kamo shi. Polly Hill ta zauna a Batagarawa ta fitar da Rural Hausa a 1972. Michael Watts ya bi tarihin yunwa daga Kaita a Silent Violence na 1983, Michael Mortimore kuma ya yi shekaru yana komawa Dagaceri. Amma Baba da Hausa ta yi magana, duniya ta karanta ta da Turanci. Sauran kuwa tambayoyin jami'o'in Turai da Amurka suka zo amsawa, a kan talauci da fari da tattalin arziki, ƙauyen ya zama misali. Jikan mutumin Batagarawa da yake son sanin yadda gidansu ya zo unguwar da yake ba shi aka rubuta wa ba.

Fuska ta biyu ta Sikotlan ba ta da shahara, ita ce kuma ta fi mana amfani. A 1790 Sir John Sinclair ya aika wa limaman coci na gundumomi 938 tambayoyi 160, a kan ƙasa da amfanin gona da farashi da cututtuka da sana'o'i da halin mutane, aka buga amsoshin a juzu'i 21 tsakanin 1791 da 1799. Ma'aunin gunduma ce, mai amsawa kuma mazaunin wurin ne. Daga baya, a 1977, mutanen Ness a tsibirin Lewis suka kafa ƙungiyar tarihin yankinsu, Comunn Eachdraidh Nis, wasu yankuna suka bi sahu. Aikinsu tattara hotuna da muryoyin tsofaffi da sunayen wurare, da bin tarihin kowace gona gida-gida, wa ya zauna, wa ya gada, wa ya tafi Kanada. Aka zo aka haɗa bayanan ƙungiyoyi da dama a rumbu ɗaya a intanet, Hebridean Connections, inda mutum yake ɗaure da gidansa, gidan da ƙauyensa, shi kuma da jirgin kamun kifin da ya yi aiki a ciki da labarin da ake bayarwa a kansa. Abin da ya burge mu a matsayin masu sana'ar shi ne gurabensa. Jirgin ruwa yana da nasa layi kamar yadda mutum yake da shi. Da a Roni ne, da rijiya ta samu layinta, da marina, da makarantar allo, da burtali, da kufai.

Kayan aikin ba su ɓace ba. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna akwai rahotannin kimanta haraji na gundumomin Lardin Kano, inda jami'ai suka ƙirga mutane da shanu da masaƙa da karofi gari-gari. Don karɓar kuɗi aka yi su, mutane kuma sun san haka, saboda haka duk adadin da ke ciki sai an karanta shi da sanin cewa an ɓoye saniya an kuma rage 'ya'ya. Duk da haka suna ɗauke da sunayen ƙauyukan da wasunsu yau sai kufai. Akwai kundayen kammala digiri da ɗalibai 'yan yankin suka rubuta a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, da yawansu da hirarrakin dattawan da sun riga mu gidan gaskiya, ko da yake su ma sau da yawa teburin fada suke kwafa su rage masa girma, jerin hakimai da dagatai a madadin na sarakuna. Akwai wasiƙun ajami da bayanan haihuwa da rasuwa da malamai suke rubutawa a gefen littattafansu. Akwai tsofaffin mata, waɗanda su ne suka san wa ya auri wa, daga wane gari aka kawo ta, kuma su ne rubutun da muke sharhi a kansa bai ambaci ko ɗaya ba. Garin da yake da kwalejin Hussaini Adamu da cibiyar koyar da fasahar sadarwa ba ya rasa matasan da za su iya gina rumbun da zai ɗauki wannan. Ginin ma shi ne mafi sauƙi a cikin aikin.

Marubuta ƙagaggun labarai su ma suna da kaso a wannan zance. Tun 1934 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna a Shaihu Umar cewa ana iya ba da tarihin zamani guda ta hanyar yaron da aka sace da uwar da ta bi sawunsa har hamada, sarakuna suna gefe. Amma a yawancin littattafanmu na yanzu ƙauye ba shi da suna. Wani ƙauye ne kawai, inda yarinya take fitowa da tallan fura kafin mai mota ya gan ta. Ba shi da shekarar da aka kafa shi, ba shi da unguwar maƙera, ba shi da rigimar da ta raba masallacin Juma'a biyu. Marubuci ba ya iya ƙaga abin da bai taɓa jin irinsa ba, kuma rubutaccen tarihi bai ba shi komai a kan ƙauye ba sai suna da lambar gidan waya.

Akwai dalilin da ya sa jerin sarakuna ya fi sauƙin rubutawa, kuma ba lalaci ba ne kaɗai. Jeri ba ya ɓata wa kowa rai, in ban da inda ake gardamar gado. Tarihin gida-gida kuwa yana taɓa inda yake ciwo. Baba ta faɗi sunayen bayin gidansu da rinjinsu ba tare da ɗar ba, don a zamaninta kowa ya sani. Yau idan rumbun bayanai ya nuna cewa kakan wane a rinji aka haife shi, ko kakarsa kamammiya ce daga wani hari, ko gidansu ba su daɗe da barin Maguzanci ba, ana iya fasa aure a kan haka. Idan ya nuna wa ya fara sare wata fadama, gobe za a kai shi gaban alƙali a matsayin shaida. Idan ya nuna cewa dagacin farko ba daga gidan da yake riƙe da sarautar yanzu ya fito ba, an taso da fitinar da ta yi shekara 70 tana barci. Mutanen Lewis ma suna da abubuwan da ba sa so a buga, amma ba su da tabon bauta a tsakanin maƙwabta irin namu, don haka tsarinsu ba zai ɗauku a dasa shi yadda yake ba.

Abin da muke gani zai yiwu shi ne a raba ɗauka da bugawa. A ɗauki muryar tsohuwa cikakkiya, da Hausarta ko Fulatancinta, ba gyara ba taƙaitawa, a rubuta ranar da wurin da sunan wanda ya yi tambaya da waɗanda suke zaune a wurin, don abin da ake faɗa a gaban mai unguwa daban yake da na tsakar gida. Idan ruwayoyi biyu suka saɓa, a ajiye su duka kowace da sunan mai ita, kada a narkar da su a fitar da guda kamar yadda aka yi wa labarin Kutumbi. Sunayen wurare da shekarun yunwa da sana'o'i da hanyoyin fatauci a buɗe su ga kowa. Abin da ya shafi asalin gida kuwa a kulle shi, makullin yana hannun gidan, sai sun yarda. Na iyakokin gonaki da fadamu, ko mai unguwa ya sa hannu, gara su zauna a rufe muddin akwai ƙara a kansu a kotu.